M-421A ko L-2B? Ga wadda zan ce ka ɗauka

Malam, a kan tambayarka ta wace jaket ɗin matuƙan jirgin yaƙi za ta yi maka a ƙasar zafi, duka biyun da ka ambata sun shiga hannuna, don haka ba jita-jita zan ba ka ba. Ka ɗauki M-421A.

Ita wannan sojojin ruwan Amurka ne suka yi wa matuƙan jiragensu lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, irin waɗanda suka yi ta shawagi a tsibiran tekun Fasifik, inda jaket ɗin fata take zama azaba. Zallan auduga ce, launin kaki, ba ta da shafi a ciki. Kwalarta irin ta shat ce, ga aljihu biyu a gaba, kuma an yi mata ninki a bayan kafaɗa don kada ta riƙe hannu idan an miƙa shi. Tawa ɗinkin Buzz Rickson's ce, masu kwaikwayon tsofaffin kayan soja a Japan, shekara huɗu ke nan tana wurina. Da ita nake hawa babur da sassafe lokacin hunturu, kuma sai rana ta take ban ma tuna da ita a jikina ba, don iska tana ratsa ta. Idan ƙura ta hau ta, bokiti da sabulu kawai, in shanya a inuwa. Yanzu gwiwar hannun ta koɗe, bakin aljihun ya yi laushi kamar tsohon zani, kuma wallahi ta fi kyau a kan ranar da na kwance ta daga leda.

L-2B kuwa ta sojojin saman Amurka ce, ta shekarun 1950, zamanin yaƙin Koriya. Tana da kyau a ido, ban musa ba. Amma nailan ce mai shafi, ga saƙar ulu a wuya da ƙugu da bakin hannu. Zufa ba ta da hanyar fita. Sau uku na sa tawa, asu ya huda ulun a cikin akwati, har yau kuɗin suna yi mini ciwo.

Ka kuma yi hattara da masu sayarwa a intanet. Wani zai rantse maka cewa tasa ta ainihin lokacin yaƙi ce, alhali jiya aka ɗinka ta aka liƙa mata tambarin jabu. Kafin ka tura ko sisi, ka ce ya ɗauko maka hoton tambarin wuya da kan zif ɗin, dab da dab. Ka sa ya shimfiɗa ta ya auna ƙirji da kafaɗa da tef, ka kwatanta da rigar da take yi maka daidai, saboda ɗinkin Japan yakan matse. In ya fara kame-kame, ka bar masa kayansa.