Durowar Salon Louis XVI: Kyau Akwai, Amma Tana Son Lallashi

Durowar Faransa ta zamanin Sarki Louis XVI, wanda ya hau mulki a 1774, ba ta da lanƙwashe-lanƙwashen kayan da suka gabace ta. Ƙafafunta miƙaƙƙu ne masu tsagi, suna sirancewa ƙasa, samanta marmara. Gangar jikin itacen oak ce, aka lulluɓe da fallen mahogani.

Kafin ka taya, a ɗaga maka marmarar. A nan ƙarƙashi kafintocin Paris suka fi buga hatiminsu, galibi tare da haruffan JME na ƙungiyarsu, wadda aka rusa a 1791. Hatimi kaɗai ba hujja ba ne, domin ana buga na jabu. Zaro aljihun durowar ka duba haɗin kusurwa: yankan hannu ba ya zuwa daidai wa daida. Fallen asali da zarto aka yanka shi, ya fi na inji kauri. Ruwan zinariyar da ke kan adon tagulla na jikin durowar kuwa da zaiba aka ɗora shi, launinsa a kwance yake. Mai ƙyalli fiye da kima yawanci kwaikwayon ƙarni na 19 ne.

Inda take ba da wahala shi ne gam ɗinta, na fatar dabba ne. Tana son laimar iska wajen kashi 50 cikin ɗari. Hunturun Kano zai busar da katakon ya tsuke, fallen ya ɗaɗɗago. Kada a goge tagullar da man goge ƙarfe irin su Brasso, zinariyar yake cinyewa. In ka ga garin katako sabo a bakin ƙananan ramuka, ƙwaro na ciki, a rage kuɗi.