Manhajar ƙamus da na biya wa kuɗi saboda kalma ɗaya

Ni malamin Hausa ne a wata sakandare da ke cikin birnin Katsina, kuma abin da ya sa na sayi wannan manhajar ƙamus ta waya tambaya ce da wata ɗaliba 'yar aji biyar ta yi mini a zangon da ya wuce. Muna darasin karin sauti, na rubuta "wuya" a allo, na nuna musu cewa idan murya ta hau a gaɓar farko ta sauka a ta biyu, wuyan da ake rataya wa sarƙa ake nufi, idan kuwa ta faro daga ƙasa ta hau, to wahala ce. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, me ya sa littafin Turanci ya kira wannan abu tone, alhali ita ce kalmar da nake gani a waya wurin zaɓen ƙarar kira?" Na ba ta amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba, shi ya sa da wani abokin aiki ya nuna mini manhajar, wadda ke bin kalma har asalinta a harsuna da yawa, ban yi wata-wata ba na biya kuɗin wata uku.

A kan wannan kalma ta Turanci, gaskiya manhajar ta fitar da ni kunya. Ta nuna cewa Turanci ya karɓe ta a ƙarni na 14 ta hanyar Faransanci da Latinanci, su kuma daga kalmar Girkanci tonos suka samo ta, wadda asalin ma'anarta ita ce miƙewa ko tsauri irin na igiyar da aka ja aka ɗaure tam. Girkawa sun lura cewa idan aka ƙara ɗaure tsirkiyar abin kiɗa sautinta yakan yi sama, idan aka sassauta ya yi ƙasa, sai suka ba wa sautin sunan ɗaurin. Ina karanta wannan sai kalangu ya faɗo mini a rai, domin duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗi a bikin mahauta ya ga yadda yake matse tsirkiyoyin a hammata, fatar ta yi tsauri, muryar gangar ta hau, ya saki ta sauko, har ta riƙa faɗin kirarin mutum kowa yana ganewa. Washegari da wannan misali na shiga aji, kuma ban taɓa ganin darasin ya zauna wa yara da sauri kamar ranar ba. Daga wannan tushe manhajar ta bi rassan ma'anar: sautin kiɗa, yanayin muryar mai magana ko cikin fushi yake ko cikin lallashi, tsaurin tsokar jiki a wurin likitoci, da zurfin launi a wurin masu zane. Ta kuma ambata cewa tun daga 1982, lokacin da Girka ta rage alamomin karin murya na rubutunta zuwa guda ɗaya, tonos ɗin dai shi ne sunan wannan alama da ake ɗorawa a kan wasali.

Sashen Larabci ma ya yi kyau, ko da yake gajere ne. Ya kawo nagma, wato daɗin sautin rerawa, da nabra, yanayin murya, wadda malaman lugga ke mayarwa ga saiwar da ke nufin ɗagawa, saiwar da suke cewa daga gare ta aka sami mumbarin da liman ke hawa ranar Juma'a. Ya kawo kuma lahan, kalmar da ke nufin karin rerawa, take kuma nufin kuskure a karatu, kamar yadda duk ɗan Islamiyyar da ya yi tajwidi ya sani. A kan Sinanci na Mandarin an ba da misalin gaɓar "ma" da karinta huɗu, uwa da rama da doki da zagi, a kan Yarbanci kuma an faɗi matakansa uku.

Inda raina ya ɓaci shi ne da na zo kan harshenmu. Fassarar da aka ba kalmar ita ce "ƙarin sauti", da ƙa mai lanƙwasa, wanda ma'anarsa ita ce a ƙara wa rediyo murya. Wannan ba ƙaramin kuskure ba ne a ƙamus, domin lanƙwasar nan ta kawar da kalmar daga gidanta baki ɗaya. Kari ɗan'uwan karya ne, kuma shi ne muke ji a karin hula, da karin guga a jikin babbar riga, da karin kumallo, da karin magana, da karin waƙa, da karin harshe irin wanda ke bambanta Katsinanci da Kananci. A fahimtata, inda Bagirke ya ga igiya a ɗaure, Balarabe ya ga abu a ɗage, Bahaushe lanƙwasa ya gani, wato wurin da murya ta karyo ta sauya hanya, kamar yadda mai hula ke karya ta gefe guda har a gane shi daga nesa. Rabi na biyu na kalmar, sauti, aro ne daga Larabci, saboda haka sunan kansa gaurayen gida da waje ne. Duk wannan babu ko layi ɗaya a kansa, alhali an ba Girkanci kusan shafi guda.

Na gwada muryar da ke karanta kalmomi, nan ma ban ji daɗi ba. "Kuka" na itace da "kuka" na hawaye duk murya ɗaya ta yi musu, haka "baba" uba da "baba" na rini, kuma ba ta san faɗau ba sam, wato muryar da ke faɗowa daga sama zuwa ƙasa a cikin gaɓa ɗaya, wanda shi ne ke raba "kai" na jiki da "kai" na wanda ake wa magana. Na san cewa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, mai karatu ne ke cike gurbin daga ma'anar jimla, to amma ƙamus wurin da ake zuwa neman abin da rubutu ya ɓoye ne. Bargery ya nuna karin kalmomi a ƙamusunsa na Hausa tun 1934, haka ma Abraham a 1949, don haka kayan aikin suna nan ga wanda ya so ɗauka.

Ta fuskar amfani ba ni da ƙorafi. Ana iya sauke ƙamusun a waya a duba shi ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga malamin da ke koyarwa a ƙauye, rubutun yana fitowa sarai, kuma haruffa masu lanƙwasa suna bayyana daidai a duk inda aka tuna aka sa su.

Ga malamin Turanci ko ɗalibin kimiyyar harshe a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, kuɗin ba asara ba ne, kuma ni ma zan sabunta nawa. Amma na hana ɗalibaina kwafar fassarar Hausa daga cikinta sai sun kawo mini na gani. Na aika wa masu manhajar gyaran "kari" ta wurin da suka tanada don ƙorafi, tare da misalai shida da bayanin karin kowannensu; mako uku ke nan, kuma da na duba jiya da dare lanƙwasar tana nan a kan harafin ka ɗin.