Sharhi kan Wani Kamfanin Tace Masu Neman Aikin Banki

Bara, bayan ƙaramar salla, hukumar gudanarwa ta ƙaramin bankin bayar da rance da nake aiki a cikinsa a Kano ta amince a ɗauki sababbin jami'an rance guda uku. Da yake duk lokacin da muka fitar da sanarwa da kanmu takardun neman aiki da katunan manya da kiran waya na neman alfarma sukan fi ƙarfinmu, sai aka yanke shawarar miƙa aikin ga wani kamfanin tace ma'aikata da ke Legas, aka kuma ɗora mini alhakin hulɗa da su daga farko har ƙarshe. Yanzu da waɗanda aka ɗauka suka shekara, ina ganin lokaci ya yi da zan faɗi yadda na sami hidimar, domin amfanin masu irin wannan niyya.

Ta fuskar tsari da cika alkawari ba ni da abin zargi. Sun ce mako shida, kuma a mako na shida jerin sunaye ya iso. Sun shirya jarrabawar lissafi da fahimtar rubutu ta intanet, sun bi diddigin takardun digiri da na bautar ƙasa, sun kira mutanen da kowane mai nema ya bayar a matsayin shaidu, har suka gano wani da takardar kammala karatunsa ba ta yi daidai da abin da makarantarsa ta rubuto ba. Ladansu wani kaso ne na albashin shekara na duk wanda aka ɗauka, rabi kafin a fara, rabi bayan ya kama aiki, tare da alkawarin sauya mutum kyauta idan ya ajiye aiki cikin wata uku. Babban amfanin da na gani shi ne na sami bakin magana, domin duk wanda ya kira ni a kan ɗan ƙanwarsa sai in ce masa al'amarin ba ya hannuna, kuma gaskiya na faɗa.

Inda muka fara saɓani shi ne takardar maki da suka haɗo da sunayen. Bayan makin jarrabawa da na ganawa, akwai wani gurbi da suka ware wa darajar makarantar da mutum ya fito, kuma makinsa yana da nauyin da zai iya ɗaga wanda ya zo na goma ya mayar da shi na uku. A mataki na sama sun jera jami'o'in ƙasashen waje, da wasu jami'o'in kuɗi ƙalilan, da tsofaffin jami'o'in tarayya biyu ko uku na kudu. Sauran jami'o'in tarayya suna tsakiya, na jihohi suna ƙasa, masu babbar difloma ta HND kuwa ba su ma shiga lissafi ba. Da na tambayi ma'aikaciyar kamfanin da ke kula da aikinmu dalili, sai ta amsa cikin ladabi cewa haka bankuna da kamfanonin zuba jari na unguwar Victoria Island ta Legas suke buƙata, domin a ganinsu ɗaliban waɗannan makarantu sun fi iya magana a gaban manyan abokan ciniki, sun fi saurin koyo, kuma ba sai an koya musu rubuta wasiƙa ba. Na ce mata abokan cinikinmu suna Dawanau da Singa da Kantin Kwari ne, kuma mafi yawansu ba wasiƙa suke jira daga gare mu ba.

Wannan ma'auni yana da rauni ko a can inda aka ƙirƙiro shi. Sanusi Lamido Sanusi, wanda ya shugabanci First Bank kafin ya zama gwamnan Babban Bankin Najeriya a 2009, tattalin arziki ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Tony Elumelu na bankin UBA ya sha faɗa da bakinsa cewa ya fito daga jami'ar jiha ta Ekpoma da digiri mai daraja ta biyu ta ƙasa, kuma ya nemi aikin banki duk da cewa sanarwar ta ce sai mai daraja ta biyu ta sama. A Ingila ma, inda sunan Oxford da Cambridge yake buɗe ƙofofin ma'aikatun kuɗi na Landan, babban kamfanin akanta na Deloitte ya sanar a 2015 cewa zai riƙa ɓoye sunan makaranta daga masu ganawa da ɗalibai, takwaransa EY kuma ya janye sharaɗin darajar digiri a wannan shekarar. Abin mamaki ne a ce masu tace ma'aikata a nan suna riƙe da abin da waɗanda suka koya daga gare su suka fara sassautawa.

Sharaɗin shekaru ya fi na makaranta ɓarna, ko da yake a ɓoye yake yin tasa. Kamfanin ya saka iyakar shekara 26 ba tare da ya tambaye mu ba, wai haka aka saba a bankuna. Wanda ya shiga jami'ar gwamnati ya ci karo da yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na kusan wata tara a 2020, sannan da na 2022 wanda ya faro daga Fabrairu bai ƙare ba sai Oktoba, ga jiran gurbin karatu, ga shekarar bautar ƙasa. Wanda iyayensa suka iya biyan jami'ar kuɗi ko suka tura shi waje yakan gama a kan lokaci, har ya ƙara digiri na biyu na shekara ɗaya, ya dawo yana da shekara 23. Idan aka ce 26, to aljihun uba aka auna, aka sa masa sunan ƙwazo.

Sai dai adalci ya sa in faɗi cewa ofishinmu ma yana da nasa son zuciya, kuma bai fi na Legas tsabta ba. Da na kai wa shugaban sashen rance jerin farko, mutum ne da ya fara daga kashiya ya yi shekaru yana bin bashi a kasuwa, sai ya ture takardar ya ce waɗannan 'yan hutu ne, ba za su iya ƙurar Dawanau ba, Turanci da kwamfuta kawai suka sani, za su raina na gaba da su, kuma da zarar sun sami gurbi a babban banki ko bizar fita za su tafi. Bai ga ko ɗaya daga cikinsu ba a lokacin. Kamfanin yana ɗaukar ɗan babbar jami'a gwani tun kafin ya buɗe baki, maigidana kuma yana ɗaukarsa mai girman kai tun kafin ya yi sallama, kuma dukansu biyu sunan makaranta kaɗai suka karanta.

Na nemi a sake tacewar: a cire gurbin makaranta, a ɗaga shekaru zuwa 30, a shigar da masu HND, a kuma ɓoye mana sunan makarantu har sai mun gama ganawa. Sun amince, amma da ƙarin kuɗi da ƙarin mako biyu, abin da na ga bai dace ba tunda ba mu muka saka sharuɗɗan farko ba. Mun ƙara gwaji namu, inda muka ba kowa kwafin littafin cinikin wani ɗan kasuwar hatsi da aka goge sunansa, muka ce ya gaya mana ko mutumin zai iya biyan rance, kuma a wane wata. Da aka buɗe sunayen bayan an zaɓi ukun, sai ga wata budurwa mai digiri na biyu daga Ingila, da saurayi daga wata jami'ar tarayya ta arewa, da magidanci mai HND a aikin akanta wanda yake shirin jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN.

Budurwar ce ta fi shan wuya, kuma a kanta na fi fahimtar yadda wannan zato yake aiki. Tun makon farko aka laƙaba mata Baturiya. Idan ta yi kuskure sai a ce ga ilimin Ingila nan, idan ta yi daidai sai a ce ai dole, da kuɗin da aka kashe mata. Tana da aibi na gaske: takan isa rumfar Alhaji ta shiga tambayar bashin da ake binsa kafin ta gama gaishe shi da iyali da kasuwa, kuma wani dattijo ya taɓa kiran manajanmu ya ce kada a sake turo masa yarinyar nan. Amma wannan rashin sabo ne, kuma cikin wata guda tana bin magidancin nan kasuwa ta gyara, har ta koyi cewa ba a tambayar ɗan kasuwa ribarsa a gaban yaransa. Ita ce kuma ta zauna da bayanan rancenmu a manhajar lissafi ta Excel ta nuna cewa masu hatsi suna makara ne a watannin da suka zuba kuɗinsu a saye lokacin kaka, ta ba da shawarar a daidaita ranakun biya da lokacin da suke fitar da kaya. Shugaban sashen ya ce ya daɗe da sanin haka, kuma gaskiyarsa ne, sai dai bai taɓa rubuta shi ta hanyar da hukumar gudanarwa za ta karɓa ba.

Ni ma ban kuɓuta ba. Na riƙa tura ta gabatar da rahoto a gaban hukuma tun tana da wata uku, saboda na san shugabanni za su ji daɗin Turancinta, alhali magidancin ya fi ta sanin fayilolin kuma shi ya fi kowa karɓo bashin da aka fid da rai. Shi da kansa ya same ni ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ma a riƙa gwada mu,” na kuma ji kunya, domin abin da na zargi kamfanin da shi ne na aikata. Rubutun rahotonsa yana da rauni, wannan gaskiya ne, amma rauni ne da horo na 'yan makonni yake magancewa.

Ga wanda yake tunanin ɗaukar irin wannan kamfani, ina ba da shawarar a yi amfani da su wajen jarrabawa da binciken takardu da kare kai daga masu neman alfarma, domin a nan sun cancanci kuɗinsu. Amma a nemi ganin takardar makinsu kafin a sa hannu, a rubuta iyakar shekaru da matsayin HND a cikin yarjejeniya, a ajiye gwajin aiki na ƙarshe a hannun waɗanda suka san abokan cinikin, sannan a yi ciniki a kan wa'adin sauya ma'aikaci. Wata uku ya yi kaɗan. Saurayin jami'ar tarayya, wanda shugaban sashen ya fi amincewa da shi saboda ɗan gida ne, shi ne ya ajiye aiki a wata na biyar ya koma wani babban banki a Abuja, kuma da na kira kamfanin sai suka tuna mini, cikin ladabin da suka saba, cewa wa'adin ya wuce da wata biyu, sabon tacewa kuma sabon kuɗi ne.