Yadda lambar jikin taya ta ci kuɗina a Amurka

Shekara biyu da suka wuce na shiga shagon tayoyi a nan Teksas, na yi abin da muka gada: na ɗan shuri taya, na danna ta da babban yatsa kamar mai zaɓen kankana. Yaron shagon ya zuba mini ido, can ya nuna mini wani rubutu a gefenta wanda duk shekarun da na yi ina tuƙi ban taɓa lura da shi ba. Kunya kamar in nutse. Abu uku ne doka ta ce a rubuta: lambar jure suɗewa, harafin riƙe kwalta, da harafin jure zafi.

Nan take na zama gwani. Wadda zan cire lambarta ta jure suɗewa 500 ce, sai ga ta wani kamfani mai 700, kuma ta fi araha. Na ce banza ta faɗi, na sayi huɗu. Yanzu duk sun suɗe, alhali ta 500 ɗin ta kai ni shekara uku a kan hanya ɗaya.

Ashe ba gwamnati ke ba da makin ba. Ita dai ta tsara gwajin: a jera motoci su yi ta zagaye a titunan kusa da garin San Anjelo, a nan Teksas, har mil 7,200, a kwatanta da wata taya da aka ba 100. Daga nan kamfani ke ƙiyasta sauran rayuwar tayar, ya buga lambarsa da kansa. An hana shi ƙari, amma yana iya ragewa. Shi ya sa lambar ta fi amfani tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Ɗalibi ne ke duba takardar jarrabawarsa!

Harafin riƙo, daga AA zuwa C, birki ne kawai a jiƙaƙƙen titi, a miƙe. Babu kwana a ciki.

Na zafin ne ya tuna mini da gida. Harafin A na nufin ta jure gudun da ya wuce mil 115 a awa, B daga 100, C daga 85. To amma da sharaɗin iska daidai, kaya daidai. Mu da ke lafta wa mota lodi har ta durƙusa, a kan tayar gwanjo da mai faci ya yi wa ɗinki uku, cikin ranar Afrilu, wane harafi zai cece mu? In ta fashe a ce ƙaddara. Ko lamba huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta ba ma dubawa. Duk da haka ina kewar mai facin nan, wanda zai ce maka "Alhaji, wannan ba za ta kai ka ba" ba tare da ya karanta komai ba.

Makon jiya na koma na sayi mai 500 ɗin, ta kamfanin farko. Da yaron ya juya baya, sai da na danna ta da yatsa.