Nutso a Teku: Da Cikar Ruwa ko da Janyewarsa?

Mu a Kaduna mun saba kogi ya cika da damina, ya janye da rani. Tekun Legas kuwa sau biyu take cika a kwana ɗaya, kullum lokacin na ƙara jinkirin kusan minti 50.

In ruwa ya janye, sai ka taka duwatsu masu santsi goye da tukunyar iskar numfashi a baya, ƙasa kuma duk laka. Na fi son sa'ar da ya cika ya tsaya cak: ya fi haske, ba ya jan mutum sosai.

Sai dai masu fatsa ma suna son lokacin, kuma zaren nailan ba ya ganuwa cikin ruwa. Ka yi musu sallama, ka nuna musu mashigarka, ka riƙe wuƙar yanke zare.