A zuba wa yis sukari gaba ɗaya, ko a riƙa ɗiga masa?

'Yar'uwa, kin ce kina kiwon yis ɗin burodi, Saccharomyces cerevisiae, don samun inbatas, wani enzayim (sinadarin da ke fasa sukari) da yis ke yi, kin ninka sukari amma abin da kika samu ya ragu. Kin tambaya ko gara ki riƙa ba shi abincin kaɗan-kaɗan.

Zubi ɗaya ya fi sauƙi. A haɗa komai a kwalba, a dafa a kashe ƙwayoyin cuta, a sa yis, a rufe, kuma da wuya wata ƙwayar ta shiga. Matsalar ita ce aikin inbatas fasa sukari ne zuwa ƙananan nau'o'in sukari biyu, gulukos da furuktos, to idan gulukos ya wadata, yis sai ya rufe ƙwayar gadon SUC2 wadda ke sa a samar da inbatas, tunda ba ya bukatarsa. Ga kuma wata ɓarna: ko da akwai iska, yis ɗin da sukari ya yi wa yawa barasa yake yi maimakon ya hayayyafa. Shinshina bakin kwalbarki, in kin ji warin barasa, can sukarinki ya tafi. Ana kiran wannan ɗabi'a da sunan Herbert Crabtree, wanda ya ga irinta a ƙwayoyin ciwon daji a 1929.

Ɗigawa kuwa tana barin yis da 'yar yunwa kullum, yana ci yana yaɗuwa, SUC2 a buɗe. Haka masana'antun yis ke yi da ragowar ruwan rake tun wajen 1920. Sai dai ɗigawa tana son famfo, da iska mai yawa, da sanyaya tanki don zafi ya tsaya kusa da digiri 30, kuma kowane bututu ƙofa ce ga ƙazanta.

Ni dai ɗigawa na fi so, nesa ba kusa ba. In ba ku da famfo a ɗakin gwajinku, ki yi kiwon a gulukos kashi 2 cikin 100, ki tace yis ɗin, ki mayar da shi ruwa mai kashi 0.1 na awa biyu zuwa uku. Kada ruwan ya wuce kashi ɗaya bisa biyar na kwalbar, don iska ta ratsa in ana girgizawa.

Abin da ya fi damuna shi ne inda kike aunawa. Yawancin inbatas yana maƙale ne a bangon ƙwayar yis, ba ya fitowa cikin ruwa. In ruwan da kika tace daga yis ɗin kaɗai kike gwadawa, sake aunawa da ƙwayoyin kansu kafin ki canja komai.