Ƙaba da Hawan Keke Bayan Shekara Sittin: A Jira ko A Yi Aiki?

Yaya, barka da war haka. Na karanta tambayarka har sau biyu. Ka ce shekarunka 68, tun da ka yi ritaya kusan kullum da safe kana kan keke, kuma wata uku ke nan da wani ƙullutu ya ɓullo maka tsakanin mara da cinyar dama, in ka tsaya ya fito, in ka kwanta ya koma. Likita ya duba ya ce ƙaba ce, ya kuma bar maka zaɓi: ko a yi aiki, ko a sa mata ido. Kai kuwa damuwarka ɗaya ce, wanne ne a cikin biyun ba zai raba ka da kekenka ba.

Ni duka hanyoyin biyu na bi, ɗaya bayan ɗaya. Na yi jiran shekara biyu da rabi ina hawa da ita, daga baya na kwanta aka yi min aiki. Bari in jera maka su yadda na gan su daga kan sirdi.

Amma tukuna, ka daina zargin keken. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ƙaba ma haka take: bangon ciki ne ke da wani gurbi mai rauni a inda jijiyar maraina ke ratsawa, shekaru su ƙara sassauta shi, sai kitse ko hanji ya leƙo ta nan. Shi ya sa ta fi kama maza nesa ba kusa ba, kusan namiji ɗaya cikin huɗu zai gamu da ita a rayuwarsa, mata kuwa kamar uku cikin ɗari. Abin da ke tura hanjin waje shi ne matsin da ke cikin ciki. A 2005 an auna wannan matsi a jikin wasu lafiyayyun mutane a Amurka, aka ga na mai tari ya ninka na wanda ke zaune wajen sau shida, na mai tsalle ya ma fi haka. Wato mura mai tari ta kwana uku ta fi takura wa ƙabarka a kan zama bisa sirdi kana juya feda a hankali. Inda keke ke shiga laifi shi ne lokacin da ka miƙe tsaye kan feda a hawan tudu, ka riƙe numfashi, kana nishi. Da kuma ɗaga shi kansa keken.

To, jira. Abin da zai ba ka shi ne gobe da safe ka fita kamar yadda ka saba, babu wuƙa, babu jinya. Kuma ba ganganci ba ne kamar yadda aka ɗauka a da. Can baya, da zarar an ga ƙaba sai a ce a yi aiki maza-maza kada hanji ya maƙale. A 2006 wani likitan tiyata mai suna Robert Fitzgibbons da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bincike a kan maza 720 a Amurka da Kanada waɗanda ƙabarsu ba ta damun su, ko tana ɗan damun su kaɗan. Aka raba su biyu, rabi aka yi musu aiki, rabi aka sa musu ido. Maƙalewar hanjin da ake tsoro ta zo ƙasa da mutum biyu cikin dubu a shekara. Wannan adadi shi ya kwantar min da hankali a lokacin, na ci gaba da hawa.

Sai dai da sauran rina a kaba. Cikin shekara biyu, kashi 23 cikin ɗari na masu jiran sun dawo da ƙafarsu sun ce a yi musu aikin, galibi saboda ciwo. Da aka bi su har shekara goma, a rahoton 2013, adadin ya kai kashi 68. A cikin waɗanda suka haura shekara 65, wato sa'o'inka, ya kai kashi 79. Ƙaba a jikin babba ba ta warkewa da kanta, babu motsa jikin da ke rufe ramin, babu maganin sha. Girma kawai take yi, wata a hankali, wata da sauri. Saboda haka a shekarunka, in ka zaɓi jira, mafi yawan zato ranar aikin ka ɗaga, kuma za ta same ka kana da shekara 72 ko 75, lokacin da zuciya da huhu ba su kai na yau ba.

Ga yadda jiran ya kasance min a kan keke, don wannan ba a rubuta shi a takardar asibiti. Shekarar farko lafiya lau. Na sauya abu uku kawai: na ɗaga kan keken sama don in daina dunƙulewa, na koyi sauka zuwa giya mai sauƙi tun kafin tudu ya fara cizo, na kuma hana kaina miƙewa kan feda. A shekara ta biyu ne abin ya soma cin tafiyata kaɗan-kaɗan. Awa biyu ta koma awa ɗaya da rabi, don bayan nan sai in ji wani nauyi yana ja na a mara, kamar an rataya min dutse. Na fara zaɓen hanya saboda ƙaba, ina kauce wa duk wadda ke da tudu. In abokai suka ce za a yi nisa, sai in ƙirƙiro uzuri. Ban taɓa jin ciwon da zai sa in yi ihu ba, amma wata rana na lissafa na ga rabin abin da nake hawa a da nake hawa yanzu, kuma ban san ranar da na yanke wannan shawara ba. Ita ta yanke min.

Akwai bel ɗin ƙaba da ake ɗaurawa, mai ɗan matashi da ke danne wurin. Na gwada. A tafiyar ƙasa yana taimakawa, a kan keke kuwa cinya na hawa tana sauka sau saba'in ko tamanin a minti, sai matashin ya goce daga inda aka sa shi, ga gumi, ga saɓar fata. Kuma sharaɗinsa shi ne ka kwanta ka mayar da ƙullutun ciki kafin ka ɗaura. In ka ɗaura a kan hanjin da ke waje, danne shi kake yi. Na ajiye shi bayan wata biyu.

Yanzu aiki. Abin da zai karɓe maka a bayyane yake: makonni ba keke, da ɗan haɗarin da kowace tiyata ke da shi. Aiki ne da ake yi sama da miliyan 20 a duniya duk shekara, yawanci bai wuce awa ɗaya ba, kuma da yawa a ranar ake sallamar mutum. Iri biyu ne a dunƙule. Akwai na tsagawa, inda ake yanka wurin a shimfiɗa wata raga da ke toshe ramin a ɗinke, salon da ya yi suna da sunan likita Lichtenstein tun shekarun 1980. Wannan ana iya yin sa da allurar kashe wurin kawai ko ta baya, abin da ke da amfani ga mai ciwon zuciya ko huhu. Akwai kuma na kyamara, ta ƙananan huda uku a ciki, a sa ragar ta bayan bangon. Shi sai an sa ka barci gaba ɗaya, amma ciwon bayan aiki ya fi sauƙi, mutum kan fi saurin komawa harkokinsa, kuma in ƙabar ta kama ɓangare biyu, shiga ɗaya ake gyara su. Wajen sake dawowar ƙabar, in hannun ya ƙware, kusan kunnen doki suke yi. Don haka ni ba zan tsaya jayayya kan salo ba, zan tambayi likitan wanne ya fi yi a kai a kai, in bi wannan.

Abin da ya kamata a gaya maka ba ɓoye-ɓoye shi ne ciwon da kan zauna bayan aiki. Kusan mutum ɗaya cikin goma yana ci gaba da jin wani ciwo ko tsami a wurin bayan wata uku, saboda jijiyoyin da ke ratsa wajen. A yawancinsu abin mai sauƙi ne kuma yana raguwa, a wasu 'yan kaɗan yana hana sakat. Ga mai keke wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin daidai inda cinya ke lanƙwashewa ke nan. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da jira ke da ita: mutumin da ƙabarsa ba ta yi masa komai zai iya shiga ɗakin tiyata lafiya ya fito da ciwon da ba shi da shi. In da ka ce min kai ko alamarta ba ka ji, da na ce maka ka yi zamanka tukuna.

Amma ka rubuta cewa in ka wuce awa ɗaya kana jin tana ja. To ka riga ka fita daga sahun waɗanda ba ta damu ba, ka shiga inda na shiga a shekarata ta biyu. A nan ni ina ganin aiki ya rinjaya, kuma babban dalilina shi ne yanzu kai ke da ikon sa rana. Za ka zaɓi lokacin da dama ba ka cika fita ba, ka shiga da ƙarfinka na mai motsa jiki, a duba hawan jini da suga a natse, in kana shan maganin tsinka jini a tsara yadda za a yi da shi. Aikin gaggawa na hanjin da ya maƙale wani abu ne daban, da tsakar dare, wani lokaci har sai an yanke wani yanki na hanjin, kuma a tsofaffi haɗarinsa ya ninka na wanda aka shirya sau da yawa.

Komawa kan keke bai ɗauke ni lokacin da na ji tsoro ba. Washegarin aiki na fara takawa a tsakar gida. Bayan mako biyu na hau keken motsa jiki na ɗaki, minti goma, ba nauyi. Bayan mako huɗu na fita titi a shimfiɗaɗɗiyar hanya, kuma abin da ya fi ba ni wahala shi ne ɗaga ƙafa in tsallake sirdi, da girgizar ramuka. Tudu sai bayan mako shida. Ka'idojin likitocin ƙaba na duniya da aka fitar a 2018 sun ce mutum ya koma harkokinsa da zarar jikinsa ya ba shi dama, likitoci da yawa kuma suna cewa a bar ɗaukar kaya mai nauyi mako huɗu zuwa shida. Ka bi abin da naka likitan ya ce, shi ya ga cikinka. Mako shida a gefe guda, shekara ɗaya da rabi na raguwar tafiya a ɗaya gefen, da na auna tun farko da ban kai haka ina jira ba.

Ko wanne ka zaɓa, akwai alamar da ba a jira da ita ko da awa ɗaya. In ƙullutun ya fito ya ƙi komawa ko ka kwanta, ya yi tauri, yana ciwo sosai, fatar wurin ta yi ja ko ta yi duhu, ga amai, ciki ya kumbura, ba tusa ba bayan gida, to asibiti kai tsaye. Hanjin da jini ya daina kai wa cikin 'yan awoyi yake mutuwa. Kada ka tsaya murza shi da ƙarfi, kuma kada ka ce bari in tuƙa keken in koma gida tukuna. Muddin kana hawa da ƙaba, wayarka ta kasance a aljihu kuma wani ya san hanyar da ka bi. Sannan ga 'yan'uwanmu mata da ke karantawa, duk lissafin jiran nan a kan maza aka yi shi. Mata sun fi maza samun wata iri da ke fitowa ƙasa kaɗan, ta saman cinya, ramin ta matsattse ne, tana saurin shaƙe hanji, ita ba a ba da shawarar jira.

Ka kuma tambaya ko keke mai batir zai raba gardama. Rabi da rabi. A hawan tudu alheri ne, injin na ɗauke maka daidai yunƙurin da ke turo ƙabar, kana juya feda kana numfashi yadda ya kamata, kuma mintocin nan suna shiga cikin 150 zuwa 300 na mako da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so dattijo ya samu. Amma yawancin kekuna masu batir kilo 20 zuwa 25 suke, kusan ninkin keken da ka saba. In sai ka ɗaga shi ka hau matakala, ko ka ɗora shi bayan mota, abin da ka tsira da shi a tudu ka biya shi a ƙofar gida. In za ka saya, ka nemi wanda batirinsa ke cirewa, ka kuma tura shi maimakon ɗagawa.

Abin da ya fi min amfani ma bai kai keke mai batir tsada ba: firam maras sandar sama, wanda ake cewa keken mata. Na daɗe ina ƙin sa saboda sunan, har ranar da na kasa tsallake sirdi da ɗinki a marata. Yau shekara uku ke nan shi nake hawa, abokai sun yi tsiyarsu sun gaji, biyu daga cikinsu sun sayi irinsa. Kafin ka koma wurin likita, Yaya, ka ɗan rubuta minti nawa kake yi a kan keke kafin ta fara ja, ka yi haka na mako biyu, ka kuma gaya masa in kana da tari mai daɗewa, ko taurin bayan gida, ko yunƙuri wajen fitsari, domin ukun nan sai an gyara su ko za a yi aiki ko ba za a yi ba. Allah ya ƙara sauƙi.